Ɗauka da Korar Manyan Kociyoyin Ƙwallon Jami'o'i a Amurka

Ɗauka da korar manyan kociyoyi babban sashe ne na harkar ƙwallon jami'o'i a Amurka, wato wasan da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa sanye da hular kwano da kayan kare kafaɗa. Jami'o'i ne suka raini wannan wasa tun karawar Rutgers da Princeton ranar 6 ga Nuwamba, 1869, kuma har yau a jihohi irin su Alabama da Nebraska ƙungiyar jami'a ta fi kowace ƙungiyar ƙwararru farin jini. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo sama da 107,000. Rukuni mafi girma a ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, shi ne wanda ake kira FBS, yana da jami'o'i fiye da 130, kuma a yawancin shekaru fiye da ashirin daga cikinsu kan sauya babban koci tsakanin watan Satumba da Janairu.

Matsayin babban koci

Aikin babban koci ya wuce tsara dabarun wasa. Shi ke ɗaukar mataimaka, shi ke bin gidajen iyaye yana zawarcin yara 'yan sakandare masu hazaƙa, shi ne kuma fuskar da masu ba jami'a gudummawa suke son gani kafin su saki kuɗi. A jihohi da dama kocin ƙwallon jami'ar jiha ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi, har da gwamna da shugaban jami'ar. Kwantiragin da Jami'ar Georgia ta sabunta wa Kirby Smart a 2024 ya kai dala miliyan 13 a shekara. Mafi yawan wannan kuɗi daga kuɗin talabijin da tikiti da gudummawar attajirai yake fitowa, shi ya sa masu bayarwar suke ganin suna da ta cewa a kan wanda zai zauna da wanda zai tafi.

A da, koci kan daɗe har a riƙa kiran jami'a da sunansa. Paul Bryant ya riƙe Alabama daga 1958 zuwa 1982. Joe Paterno ya zama babban kocin Penn State a 1966, bai bar kujerar ba sai 2011. Irin wannan doguwar zama ta yi wuya a yanzu.

Yadda ake ɗauka

A ƙa'ida, daraktan wasanni na jami'a ne ke zaɓen koci, shugaban jami'a ya amince, majalisar gudanarwa ta sa hannu a kwantiragi. A aikace, ana yawan ɗaukar kamfanin neman ma'aikata, irin su Korn Ferry ko Parker Executive Search, domin ya tuntuɓi masu sha'awa a asirce. Amfanin kamfanin shi ne koci mai aiki a wata jami'a zai iya cewa ba wanda ya yi masa magana, jami'ar da aka ƙi tayinta kuma za ta iya cewa ba ta taɓa yin tayi ba. A ɗaya ɓangaren akwai wakilan kociyoyi. Fitaccen cikinsu, Jimmy Sexton, ya wakilci Nick Saban da Kirby Smart da Lane Kiffin da wasu da yawa, har ta kai wani lokaci kocin da aka kora da wanda ya gaje shi wakilinsu ɗaya.

Wuraren da ake nemo koci ba su da yawa: babban kocin ƙaramar jami'a da ya yi fice, ko mataimakin da ke kula da kai hari ko tsaron baya a babbar ƙungiya, ko wanda ya dawo daga gasar ƙwararru ta NFL, ko kuma mai riƙon ƙwarya da ya nuna bajinta. Dabo Swinney ta hanyar riƙon ƙwarya ya hau kujerar Clemson a 2008. Curt Cignetti daga James Madison ya koma Indiana a ƙarshen 2023, ya ci wasa 11 a kakarsa ta farko a jami'ar da ta daɗe ana yi mata kallon ta baya.

Sirri da gaggawa ne suka mamaye wannan neman, kuma musun baki ya zama ruwan dare. A Disamba 2006 Saban, yana kocin Miami Dolphins ta gasar NFL, ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba zai zama kocin Alabama ba. Ranar 3 ga Janairu, 2007, ya karɓi aikin a kan dala miliyan 32 na shekara takwas, ya kuma ci wa jami'ar kofin ƙasa sau shida. Da ya yi ritaya ranar 10 ga Janairu, 2024, aka ga yadda gurbi ɗaya ke haifar da wasu: Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer daga Washington, Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State, ita kuma ta ɗauko Ken Niumatalolo, tsohon kocin makarantar sojan ruwa. Duk wannan cikin mako biyu.

Gaggawa kan jawo abin kunya. Notre Dame ta ɗauki George O'Leary a Disamba 2001, bayan kwana biyar ya ajiye aiki da aka gano ƙarya a takardar tarihin karatunsa da wasansa. A Nuwamba 2017 Tennessee ta kusa kammala yarjejeniya da Greg Schiano, magoya baya suka yi bore a harabar jami'a da kafofin sada zumunta, aka janye tayin a ranar, bayan 'yan kwanaki daraktan wasanni John Currie ya rasa kujerarsa.

Kwantiragi da kuɗin sallama

Nan ne zuciyar lamarin. Wanda ya ji an ba koci kwantiragin shekara goma zai zaci an ba shi shekara goma ya gina ƙungiya. Abin da tsawon kwantiragi yake ƙayyadewa a gaskiya shi ne yawan kuɗin da jami'a za ta biya idan ta sallame shi. Jami'a kan tsawaita kwantiragi don kada wata ta ɗauke mata koci, don kuma iyayen yara su yarda cewa wanda ya zo zawarcin ɗansu zai daɗe. Da zarar an yi rashin nasara sau biyu ko uku a jere, wannan takarda ta zama bashi.

Kora iri biyu ce. Akwai kora ba tare da laifi ba, wadda rashin cin wasa ke jawowa, kuma a nan jami'a za ta biya duk abin da ya rage a kwantiragi ko wani kaso nasa. Akwai kuma kora bisa laifi, inda jami'a ke cewa koci ya karya ƙa'ida ko ya zubar mata da mutunci, don haka ba ta biyan komai. Wasu kwantiragin suna da sharaɗin cewa dole wanda aka kora ya nemi wani aiki, a cire sabon albashinsa daga abin da tsohuwar jami'a ke biyansa. Haka kuma idan koci ne ya tafi da kansa, akwai kuɗin da zai biya, wanda sabuwar jami'arsa kan ɗauki nauyi, kuma kusan kullum bai kai na kora ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Jimbo Fisher. Texas A&M ta ɗauko shi daga Florida State a Disamba 2017 a kan dala miliyan 75 na shekara goma, ta ƙara masa wa'adi da albashi a 2021. Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, kwana ɗaya bayan ƙungiyarsa ta doke Mississippi State da ci 51 da 10, aka sallame shi da bashin sama da dala miliyan 75, kuma babu sharaɗin ragewa idan ya sami wani aiki. Za a ci gaba da biyansa har 2031. Kafin wannan, mafi girman kuɗin sallama da aka sani shi ne kusan dala miliyan 21 da Auburn ta biya Gus Malzahn a 2020. Washegarin korar Fisher, Mississippi State ma ta sallami nata kocin, Zach Arnett.

Rashin haƙuri kan kai jami'a ga asarar da take gani ƙiri-ƙiri. Nebraska ta kori Scott Frost a Satumba 2022 ta biya shi dala miliyan 15, alhali da ta jira zuwa 1 ga Oktoba, da kuɗin ya ragu da rabi. A Oktoba 2025 Penn State ta sallami James Franklin, wanda ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa watanni tara kafin nan, bayan ya sha kashi sau uku a jere. Mako biyu bayan haka LSU, jami'ar jihar Louisiana, ta sallami Brian Kelly da bashin kusan dala miliyan 54. Gwamnan Louisiana, Jeff Landry, ya fito fili ya ce daraktan wasanni Scott Woodward ba shi zai zaɓi sabon koci ba, kuma cikin 'yan kwanaki Woodward ya bar aiki. Woodward ne ya ɗauki Fisher lokacin da yake darakta a Texas A&M, shi ne kuma ya ɗauki Kelly. Abin dubawa ne cewa yawancin waɗannan jami'o'in na gwamnati ne, ko da kuɗin daga asusun wasanni da aljihun masu gudummawa yake fita.

Dalilan kora

Rashin nasara ne kan gaba, amma ma'aunin nasara ya bambanta. Wasa tara cikin goma sha biyu abin biki ne a wata jami'a, a wata kuma dalilin kora ne. Nebraska ta kori Frank Solich a 2003 da Bo Pelini a 2014, kowannensu bayan ya ci tara ya faɗi uku, kuma rabonta da lashe gasar jami'o'in yankinta tun 1999, lokacin Solich. Ko kofin ƙasa ba ya kare mutum na dogon lokaci: Gene Chizik ya ci shi da Auburn a kakar 2010, aka kore shi a 2012, Ed Orgeron ya ci da LSU a kakar 2019 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, a Oktoba 2021 aka sanar da rabuwarsu. Yawan faɗuwa a hannun babbar abokiyar hamayya, da raguwar 'yan kallo, da zuwan sabon daraktan da ke son nasa mutumin, duk suna sa kujerar koci tangal-tangal.

Sai kuma laifi. Ohio State ta kori Woody Hayes bayan shekara 28 a Disamba 1978, washegarin da ya naushi ɗan wasan Clemson ana tsakiyar wasa. An kori Paterno ranar 9 ga Nuwamba, 2011, a badaƙalar cin zarafin yara da tsohon mataimakinsa Jerry Sandusky ya aikata. Arkansas ta kori Bobby Petrino a Afrilu 2012 bayan hatsarin babur ya tona cewa ya ba budurwarsa aiki a sashen ƙwallon ya kuma ɓoye gaskiya. Michigan State ta kori Mel Tucker bisa laifi a Satumba 2023, ƙasa da shekara biyu da ba shi kwantiragin dala miliyan 95. Irin wannan kora kan ƙare a kotu, domin miliyoyin daloli ne ke rataye a kan fassarar 'yan layuka.

Shin canji yana biyan buƙata?

Wani bincike da Scott Adler na Jami'ar Colorado da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, wanda ya duba shekarun 1997 zuwa 2010, ya gano cewa ƙungiyoyi marasa ƙarfi da suka sauya koci ba su fi takwarorinsu da suka haƙura ba, matsakaita kuwa sun fi komawa baya bayan sauyin. Masu goyon bayan haƙuri kan kawo Frank Beamer, wanda ya ci wasa biyu kacal a 1992, kakarsa ta shida a Virginia Tech, aka bar shi, ya kai jami'ar wasan ƙarshe na kofin ƙasa a kakar 1999. Swinney ma ya ci shida ya faɗi bakwai a 2010 kafin ya ɗauki kofi a 2016 da 2018. Masu gaggawa kuma suna nuna Saban da Cignetti, kuma labarinsu ya fi shiga kunnen masu kuɗi.

Baƙar fata a kujerar koci

Kusan rabin 'yan wasan FBS baƙar fata ne, amma kociyoyinsu ƙalilan ne. Willie Jeffries ne baƙar fata na farko da ya riƙe ƙungiya a wannan rukuni, a Wichita State a 1979. Rukunin SEC na kudancin ƙasar bai sami nasa ba sai da Mississippi State ta ɗauki Sylvester Croom a ƙarshen 2003. NFL tana da dokar da ta wajabta ganawa da ɗan tsiraru kafin a ɗauki koci tun 2003, amma NCAA ba ta da irinta, sai jihar Oregon da ta kafa wa jami'o'inta a 2009. Neman da ake kammalawa cikin kwana uku ta hannun wakilai ba ya barin ƙofa ga wanda ba a riga an san shi ba. A Janairu 2025 Marcus Freeman na Notre Dame ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya zuwa wasan ƙarshe na kofin ƙasa.

Lokacin kora da halin 'yan wasa

A da, ana jiran ƙarshen Nuwamba kafin a sallami koci, shi ya sa aka daɗe ana maganar korar da Jami'ar Kudancin California (USC) ta yi wa Lane Kiffin cikin dare a filin jirgin saman Los Angeles a Satumba 2013. Tun da aka fara bai wa 'yan sakandare damar sa hannu a watan Disamba daga 2017, aka kuma buɗe rajistar sauya jami'a a 2018, kora a tsakiyar kaka ta yawaita, domin kowace jami'a tana son sabon kocinta ya zauna kafin a rabe 'yan wasa. Wannan jadawali ne ke sa koci barin ƙungiyarsa tana kan ganiya. Kelly ya bar Cincinnati a 2009 bayan ta ci wasanninta 12 duka. Kiffin ya bar Jami'ar Mississippi (Ole Miss) zuwa LSU a ƙarshen Nuwamba 2025, ƙungiyar ta shiga gasar kofin ƙasa a hannun mataimakinsa Pete Golding.

Shekaru da yawa 'yan wasa ne ke ɗaukar nauyin wannan: koci ya tafi ranar da ya ga dama, ɗan wasan da ya sauya jami'a kuwa sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. An cire wannan sharaɗi ga sauyin farko a 2021, shekarar da aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma yanzu ana buɗe musu wa'adi na musamman su tafi idan kocinsu ya canza. Daga 2025 jami'o'i sun fara biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, don haka kuɗin sallamar koci da kuɗin 'yan wasa yanzu daga asusu ɗaya suke fita.