Na sayi na'urar ajiyar kirifto, ta ina zan fara?

Tun da FTX, wata babbar kasuwar musayar kirifto (kuɗin intanet), ta durƙushe a watan Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki, mutane da yawa suka gwammace su riƙe kirifto ɗinsu da kansu, a na'ura irin ta Ledger ko Trezor. Shawara ce mai kyau, amma akwai abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka zuba ko sisi.

Kuɗina a cikin na'urar suke zama?

A'a. Kuɗin suna rubuce a bulokchen, wato kundin intanet da ke ɗauke da lissafin duk hada-hadar kirifto. Abin da na'urar ke riƙewa shi ne mabuɗin sirrin da ke sa hannu a duk lokacin da za a fitar da kuɗi. Mabuɗin ba ya fita daga cikinta, kuma ba ta sa hannu sai ka amince a jikinta da yatsanka.

In ban saya ba tukuna, a ina zan saya?

Daga kamfanin kai tsaye, ko dillalin da kamfanin ya ambata a shafinsa. Ledger a Faransa yake, Trezor a Jamhuriyar Cek. Kada ka sayi wadda wani ya yi amfani da ita, araha ba ta ado. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin Ledger, aka watsa sunaye da adireshin gidajen mutum fiye da 270,000. Shekara na zagayowa 'yan damfara suka riƙa aika wa wasunsu jabun na'urori har gida, da wasiƙar cewa su sauya tsohuwar. In ka buɗe kwali ka tarar an riga an rubuta maka kalmomin sirri a kati, ko an saita lambar buɗewa, to tarko ne. Sabuwar na'ura a gabanka take fitar da kalmominta.

Mene ne waɗannan kalmomin?

Nan ne gizo yake saƙar. Da ka kunna na'urar za ta nuna maka kalmomin Turanci a jere, yawanci 12 ko 24. Ledger 24 take bayarwa, daga wani jerin kalmomi 2,048. Daga kalmomin da ta ba ka ake samar da dukkan mabuɗanka. In na'urar ta ɓata ko ta faɗa ruwa, ka sayi wata ka shigar da kalmomin, kuɗinka na nan. Haka shi ma ɓarawon da ya gan su zai kwashe komai daga wata ƙasa ba tare da ya taɓa na'urarka ba, kuma babu ofishin da zai dawo maka da su.

Saboda haka ka rubuta su da biro a takarda, kai kaɗai a ɗaki, bisa jerin da suka zo. Kada ka ɗauke su a hoto. Kada ka tura wa kanka a WhatsApp ko imel, abin da ke tayar mini da hankali ke nan domin mutanenmu sun saba ajiye komai a waya. Duk shafi ko manhaja ko mai kiran waya da ya nemi ka ba shi kalmomin, ko da ya ce daga kamfanin yake, ɓarawo ne. A ganina kwafi biyu a wurare biyu ya fi, domin gobara da gara da damina ba sa raga wa takarda. Mai hali ya buga su a farantin ƙarfe.

Lambar buɗewa fa?

Tana kare na'urar ne daga wanda ya tsince ta. A Ledger lamba 4 zuwa 8 ce, kuma kuskure uku a jere yana goge na'urar. Ka guji shekarar haihuwarka.

Zan iya tura duk kuɗina yanzu?

Dakata tukuna. Sauke manhajar da ke aiki da na'urar daga shafin kamfanin da ka rubuta adireshinsa da hannunka, ban da tallar da ke fitowa a saman Google. Kamfanonin biyu suna da hanyar tabbatar da cewa kalmomin da ka rubuta daidai suke, ka bi ta. Sannan ka tura ɗan kaɗan ka ga ya shiga. Adireshin karɓa kuwa ka gwada shi da wanda ke fuskar na'urar, domin akwai muguwar manhaja da ke musanya adireshin da aka kwafa da na ɓarawo. Masu USDT, kirifton da ke bin darajar dala, su lura da layin bulokchen da suke turawa ta kansa, na Tron daban, na Ethereum daban.

In ta Allah ta kasance, iyalina fa?

Wannan dukiya haƙƙin magada ce, kuma ba banki da za su je da takardar kotu su karɓa. Ka sanar da amintaccen mutum ɗaya cewa ajiyar tana nan, ka rubuta a wasiyyarka inda takardar take da yadda ake amfani da ita. Kalmomin kansu kada su shiga cikin wasiyyar, tunda hannuwa da yawa za ta bi kafin a raba gado.