Waiwaye: Binciken teku a Gana, daga ƙidayar kifi zuwa neman dalilin ƙarewarsa

Duk mai cefane a kasuwar Nima ko Madina a Akra ya san amane, ƙaramin kifin tekun nan, ya yi tsada, kuma ya ƙanƙance. Kusan kashi 60 cikin ɗari na abincin gina jiki da mutanen Gana ke samu daga dabbobi, daga kifi yake fitowa, don haka abin da ya taɓa teku ya taɓa tukunyar Zango kai tsaye. Kaso mai yawa na abin da aka sani game da dalilin wannan matsala bai fito daga manyan jiragen bincike ba. Ya fito ne daga ɗaliban digiri na biyu da na uku, waɗanda ke sammako zuwa Jamestown, Chorkor, Tema da Elmina da katakon awo da sikeli. Tambayar da suke bi ta sauya sau da dama a cikin shekaru 80 da suka wuce.

Da farko tambayar ita ce: wane irin kifi ne a ruwanmu? A 1947 F. R. Irvine, malami a kwalejin Achimota, ya wallafa littafi kan kifaye da sana'ar su a ƙasar, da sunayen kifin a harsunan mutanen gaɓa. Bayan samun 'yanci hankali ya koma kan yadda za a ƙara kamu. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ɗaura wa kwalekwale inji, a 1962 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema, sannan a 1963 da 1964 aka yi babban binciken jan raga a Tekun Gini don sanin kifin da ke kwance a ƙasa. A wannan zamanin ne aka kafa sashen binciken kifi na gwamnati a Tema, wanda ya fara wani aiki da ba ya jan hankalin kowa: auna zafin ruwan teku kullum a tashoshin gaɓa, da ɗebo ƙananan halittun ruwa da ake kira filankton wata-wata.

Wannan rubutun na yau da gobe shi ya bayyana yadda tekun Gana ke ciyar da kansa. Daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi mai cike da sinadaran abinci yana tasowa daga ƙasa zuwa sama, zafin saman ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Akwai ƙaramar tasowa kuma a wajen Disamba zuwa Fabrairu. Idan ruwan ya taso, filankton ya yawaita, sardinela, wato amane, ta samu abinci ta yi ƙwai, masunta su cika kwalekwale. Shekarar da tasowar ta yi rauni, kamu ya ragu. A 1972 an yi kamun sardinela mai yawan gaske, a 1973 kuma ta kusa ɓacewa, sai wani kifi mai kaurin fata da masana ke kira Balistes ya mamaye ruwan, ya yi zamaninsa har ƙarshen shekarun 1980, shi ma ya ja baya. Ba don bayanan Tema ba, da har yau ana ta zato kan abin da ya faru. Da waɗannan bayanan ne George Wiafe na Jami'ar Gana da abokan aikinsa suka nuna cewa filankton na dabba ya ragu tsakanin 1969 da 1992, a daidai lokacin da ruwan ke ƙara ɗumi.

Gefen tafkunan bakin teku kuwa, akwai aikin ɗalibi guda da ya kamata duk mai shiga wannan fanni ya sani. A 1971 Daniel Pauly, ɗalibin digiri na biyu daga Jami'ar Kiel ta Jamus, ya zauna a tafkin Sakumo kusa da Tema yana nazarin karfasa mai baƙin haɓa da yanayin ruwan da take rayuwa a ciki. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar kamun kifi a duniya. Ya ba da labarin cewa da ya dawo bayan shekaru 27, ya tarar girman kifin ya ragu da rabi, yana balaga tun yana santimita 5, masunta kuwa suna ta sana'arsu ba su ga wani abin mamaki ba. Tun a 1995, kafin wannan dawowa, ya yi rubutu kan irin wannan matsala: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin daidai, ya manta da abin da aka rasa kafinsa. Abin lura a nan shi ne, an iya gane raguwar ne kawai saboda wani ɗalibi ya auna, ya rubuta yadda ya auna.

Shekarun 1980 sun kawo tsuntsaye cikin lissafi. Yaa Ntiamoa-Baidu da tawagarta sun yi shekaru suna ƙirga tsuntsayen gaɓa da ke ƙaura daga Turai, kuma ƙidayar ta taimaka wajen sanya wurare 5 na gaɓa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da tafkuna a 1992: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze. A gabas kuma, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta tare yashin da kogin Volta ke kaiwa teku, abin da ya ƙara wa zaizayar Keta da Ada ƙarfi.

Mu mazauna Akra muna da namu kason a wannan labari. Babbar kwatar Nima tana zuba cikin Odaw, Odaw ya zuba cikin tafkin Korle, Korle ya zuba cikin teku. Ledar fiya wata da aka jefa a Mamobi, idan ruwan Yuni ya sauka, ba ta da wurin zuwa sai can. Shi ya sa kundayen bincike na baya-bayan nan suka cika da batun darma da kadmiyam, ƙarafa masu guba, a laƙar Korle kusa da Agbogbloshie, da ɓurɓushin roba a cikin hanjin kifi, da ciyawar teku mai suna sargasum da ta fara lulluɓe gaɓar yamma tun 2011.

Amma babban batun har yanzu shi ne ƙananan kifayen saman ruwa. Kamun sardinela ya faɗi daga sama da tan 100,000 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa ƙasa da tan 30,000 a 2016. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kwalekwale sun yi yawa, ana kamun kifi da fitila duk da doka ta hana, ana amfani da raga mai ƙananan idanu, ga kuma saiko, wato manyan jiragen jan raga su kama kifin da ba nasu ba, su daskarar da shi, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku. Wata ƙungiyar kare muhalli ta ƙiyasta cewa kusan tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya a 2017. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021.

A nan ne aikin ɗalibai ya shiga siyasa. Da aka zo batun rufe teku na wata guda don kifi ya hayayyafa, masana sun ce a rufe a tsakiyar lokacin ƙwai, wato wajen Agusta. Masunta suka ƙi, domin shi ne lokacin cikar kasuwa, ga kuma bikin Homowo na mutanen Ga. Aka ɗage na 2018, aka yi na 2019 daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da bai dace da ƙwan ba, sai a 2021 aka koma Yuli. To, yaya aka san lokacin ƙwai? Ɗalibi yana zuwa wurin sauke kifi kowane wata, ya sayi samfuri kai tsaye daga kwalekwale, ya auna tsawon kowane kifi daga baki zuwa ƙarshen wutsiya har zuwa milimita, ya auna nauyinsa, ya farke cikin ya ciro jakar ƙwai ya auna ta daban. Sai ya raba nauyin jakar da nauyin kifin, ya ninka da 100. Watan da wannan adadi ya hau sannan ya faɗi, a nan aka zubar da ƙwai. Aikin yana bukatar aƙalla wata 12 ba tsallake, wata 18 zuwa 24 ya fi, domin shekara guda tana iya zama ta daban.

Kurakuran da ke lalata wannan aiki sanannu ne, kuma ana ta maimaita su. Wanda ya sayi samfurinsa a kasuwa ya sayi abin da mata masu kifi suka riga suka tace, manya a gefe, ƙanana a gefe, lissafinsa na girma ya karkace tun daga tushe. Wanda bai rubuta irin ragar da aka yi kamun da ita da faɗin idonta ba, ba zai iya bambance ko ƙananan kifi babu su a ruwa ne, ko raga ce ta sake su. Wanda ya tsara fita ranar Talata ya manta cewa a yawancin gaɓar nan ba a shiga teku ranar. Wanda kuma ya isa bakin ruwa da allon rubutu bai fara gaida sarkin masunta da shugabar masu sayen kifi ba, za a ɗauke shi ɗan leƙen asirin hukuma, a ɓoye masa abin da aka kama da fitila, wato ainihin abin da ya zo nema.

Aikin tafki yana da nasa tarkon. Iskar oksijin a ruwan Sakumo ko Korle tana yin ƙasa sosai da asuba, ta hau da rana idan gansakuka ta sha hasken rana. Wanda ya auna tasha ta farko da ƙarfe 6 na safe, ta ƙarshe da ƙarfe 2 na rana, bambancin lokaci ya auna, ba na wuri ba. Gishirin teku kusan giram 35 ne a lita, amma tafkin da yashi ya toshe bakinsa yana iya ninka wannan a rani, ya koma kusan ruwan daɗi a damina, don haka dole a rubuta ko bakin a buɗe yake ranar awo. Halittun laƙa ana tace su da rariya mai idon rabin milimita, a kashe su da fomalin, sinadarin hana ruɓewa, daga baya a mayar da su cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70. Takardar shaida a rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro tana narkewa, ta jikin kwalba kuma tana ɓantarewa. Samfurin neman darma ba a taɓa shi da cokalin ƙarfe, kwalbarsa kuma sai an jiƙa ta a ruwan asid an ɗauraye. Sannan ga dumso, wato ɗauke wuta: firiza ta mutu kwana biyu, aikin wata shida ya ruɓe. Mai hankali yana raba samfurinsa gida biyu, ya ajiye a gine-gine daban, ya kuma busar da abin da zai busu tun da wuri.

A dajin mangurof, itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, ana shata fili mita 10 sau 10, a auna kaurin kowane itace a tsawon mita 1.3, ko a saman saiwa mafi tsayi idan jan nau'in ne. Hoton tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma gajimaren gaɓarmu yana rufe shi, kuma yakan ɗauki ciyawar fadama a matsayin daji, sai an taka ƙafa cikin laƙa an tabbatar. Misali mafi daɗin ji ya fito ne daga bakin Densu, inda mata masu tsintar kawa na Tsokomey, Bortianor da Tetegu suka koyi auna gishiri da zafin ruwa da kansu, suka amince da rufe tsinta na wata 5 tun daga 2017, suna kuma dasa mangurof.

Yau ana koyar da wannan fanni a sashen kimiyyar teku da kamun kifi na Jami'ar Gana da ke Legon, da Jami'ar Cape Coast mai cibiyar nazarin gaɓa da ta samu tallafin Bankin Duniya. Ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya karanta ilmin halittu, kimiyyar sinadarai ko lissafi, kuma muna so mu ga 'ya'yan Zango da yawa a ciki, domin ba sai ka iya iyo ba kafin ka zama gwanin lissafin yawan kifi. Abin da ke damun mu shi ne makomar bayanan. Digiri na biyu shekara 2 ne, guda a aji, guda a fili, kuɗin tallafi kuma yakan ƙare tare da aikin da ya kawo shi. Kundin yana ƙarewa a kan kantar laburare, ainihin alƙaluman suna tafiya da kwamfutar ɗalibin. Ɗalibi na gaba ya zo tafki ɗaya, ya zaɓi wasu tashoshi, wata raga, wani lokaci, sakamakon biyu ba sa kwatantuwa. A ganinmu bai kamata a sa hannu a kan kowane kundi ba sai an miƙa alƙaluman asali, da lambobin GPS na kowace tasha, da bayanin kayan awo. A 2025 sabuwar dokar kamun kifi ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa kwalekwale daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Ko hakan zai dawo da amane, za a sani ne kawai idan an auna kifin da ake saukewa a Jamestown da Elmina yanzu, aka kuma sake aunawa da irin wannan hanya bayan shekara 5.