Ma'anar haruffan da ke jikin a-kori-kura

Mai sayen a-kori-kura a Birnin Kebbi yakan duba taya da fenti, ya saurari kukan inji, amma ba kasafai yake karanta ƙananan haruffan da ke manne a ƙofar baya da gefen motar ba, alhali su ne ke bayyana irin injin da ke ciki da irin hanyar da motar za ta iya bi.

Wasu haruffan taƙaitaccen sunan kamfani ne kawai. IVM na nufin kamfanin Innoson da ke Nnewi a jihar Anambra, JAC kuwa kamfanin Jianghuai ne na ƙasar Sin. Shi kansa sunan Hilux, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1968, an haɗa shi ne daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin ɗaukaka da ƙawa. TRD da GR sassan Toyota ne masu kula da tseren motoci, don haka manomi ba shi da wata babbar riba a cikinsu.

Alamar da ta fi shafar mutumin karkara ita ce 4x4. Lambar farko adadin ƙafafun motar ce, ta biyu kuma adadin waɗanda inji ke iya juyawa, saboda haka mai 4x2 ƙafafunta na baya kaɗai ke turawa. A kan kwalta da rani ba a ganin bambancin, sai damina ta sauka, an loda buhunan shinkafa a fadamar Argungu, tayar baya ta fara wulwulawa cikin taɓo tana fesa wa masu turi laka. A nan ne direban 4x4 ke komawa H4, wato giyar da ke sa inji ya juya ƙafafun huɗu duka, in lamarin ya tsananta ya sa L4, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja.

Lambobi irin su 2.7 ko 2.8 girman inji ne da ma'aunin lita, ba yawan man da tanki ke ɗauka ba. D-4D alama ce ta injin Toyota mai shan dizal, wanda ake fesa wa mai kai tsaye da matsi mai ƙarfi, VVT-i kuwa ta injin fetur ce, mai sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun inji. Wannan bambanci ya kamata duk wanda aka ba aron mota ya sani kafin ya shiga gidan mai.

Sai dai harafin roba ba shaida ba ne, domin ana sayar da shi a shagunan kayan gyara, da ɗan gam ake liƙa shi. In dillali ya nuna 4x4 a ƙofar baya, a nemi ƙaramar libar sa H4 da L4 kusa da giya, ko maɓallin da ya maye gurbinta a sababbin samfura, sannan makanike ya shiga ƙarƙashi ya ga ko akwai farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da ta nufi ƙafafun gaba.