Tsohuwar mota tana misin: wuta ce ko mai?

Duk wanda ya riƙe Golf 3 irin ta 'yan haya, ko Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ya san wannan ciwo na misin, wato wata silinda ta riƙa tsallake kamawa. Injin ya riƙa karkarwa a silo, a taka totur ya yi tari, a hau gangara ya riƙa fizga. Ana kai ta gareji, abu na farko da ake cewa shi ne "a wanke kafireto" ko "a wanke nozil". Wani lokaci a dace. Amma sau da yawa laifin na wuta ne, kuma ana iya kama shi da mitar auna wuta guda ɗaya kafin a sayi ko da fulogi.

Ta yaya zan gane wuta ce, ba mai ba?

Daga yanayin ciwon. Matsalar wuta kwatsam take zuwa: injin ya ɗauke na ƙiftawar ido, ya dawo, motar ta fizge ka. Tana tsananta idan an ɗauki kaya ko ana hawan tudu, saboda a lokacin ne tartsatsi ya fi shan wuya wajen tsallaka bakin fulogi. Tana kuma son danshi, shi ya sa wasu motocin sai da damina ko bayan wanki suke fara rigima. Za ka ji warin ɗanyen fetur a salansa, wani lokaci har da harbi. Ƙarancin mai kuwa a hankali yake shaƙe mota, ta yi sanyin jiki idan an matsa mata gudu, a saki totur ta farfaɗo.

Idan motarka tana da agogon juyin injin, sa masa ido. In allurar ta faɗi ƙasa nan take alhali motar tana cikin giya tana tafiya, to wutar ce ta yanke. Wannan alama ce mai ƙarfi, sauran kuwa hasashe ne har sai an gwada.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga batir, ko da motar tana tashi da kik ɗaya. Batir mai cikakken caji, injin a kashe, zai nuna kamar bolt 12.6. In ya nuna 12.2, ya kusa rabi ke nan. Lokacin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Injin yana aiki kuma, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, cajin ba ya shiga. In ya haura 15, cajin ya wuce kima, zai dafa batir ya ƙona kwan fitila.

Sai wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Nan ne aka fi yin sake. Wutar mota ta jikin ƙarfen motar take komawa batir, kuma tsakanin injin da bodi akwai wata kakkaurar waya da shekaru, tsatsa da baƙin mai suke ci. Ta waje za ka gan ta lafiya, a ɗaga roba a tarar ta yi kore. Gwajin bai da wuya: injin yana aiki, fitilu da fanka a kunne, ka ɗora ɗaya daga bakunan mita a kan batir na ƙasa (mai alamar −), ɗayan a jikin injin. In ka ga fiye da bolt 0.3, akwai cikas a hanya. A kwance, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. Wannan farin garin da ke taruwa a kan batir ma a wanke shi. Kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama kuwa, a canja shi kawai.

Makanikena yana cire kan batir injin yana aiki don ya ga ko caji na yi. Daidai ne?

A'a. Batir ne ke shanye tsallen wutar da na'urar caji ke yi. In an cire shi, wutar na iya yin sama ta ƙona biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ko ita kanta na'urar cajin. Ce masa, "Maigida, a sa mita dai." Minti ɗaya ne.

Batir lafiya, caji lafiya. Sai me?

Sai a nemo silindar da ba ta aiki. Injin yana silo, a cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, ba da hannu tsura ba, don abin da koyil, mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ke turowa dubban bolt ne. Duk wadda aka cire injin ya ƙara rikicewa, tana aiki. Wadda aka cire bai ko kula ba, ita ce matacciya. A motar da kowace silinda ke da nozil ɗinta, ya fi aminci a cire soket ɗin nozil maimakon wayar fulogi, don barin tartsatsi ba inda zai sauka yana wahalar da koyil.

Daga nan a kwanto fulogin a karanta shi. Ruwan toka ko ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙe da fetur, ba ya kamawa sam. Jiƙe da baƙin mai, wannan ba aikin mai wayarin ba ne, zoben fistin ne ko robar bawul. A duba tazarar bakinsa: yawancin waɗannan injina tsakanin milimita 0.6 da 0.8 suke so, kuma tsohon fulogi bakinsa cinyewa yake ya yi faɗi.

Dabarar da na fi so ita ce musanya. Ɗauki fulogin silindar da ta mutu ka kai wata, ka kawo na waccan nan. In ciwon ya bi fulogin, ka kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, yi haka da wayar. Ba ka kashe ko kwabo ba.

Wayoyin fulogi kuma da dare suke tona asirin kansu. Buɗe bonet a wuri mai duhu, injin yana aiki, ka fesa musu ruwa kaɗan kamar raɓa. In robar ta tsage za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin injin, ka ji "tas, tas". Koyil ɗin Golf 3 ya yi suna wajen tsagewa irin haka. In an cire wayoyin gaba ɗaya, a mayar da su bisa tsarin kamawa 1-3-4-2, a kuma tuna cewa a injinan Fijo da yawa daga wajen giya ake fara ƙirga silinda ta ɗaya. An sha juya wayoyi biyu a wahala yini guda.

Ina ruwan distiribita a ciki?

Shi ke rarraba wutar. Buɗe murfinsa ka haska ciki: siririn baƙin layi kamar zanen fensir alama ce wuta tana bin ɓarauniyar hanya, kuma gogewa ba ta raba shi da ita. Duba ɗan gawayin tsakiya da bakin rota. A 504 mai kwantak, wato ɗan makullin da ke buɗewa yana rufewa don yanke wutar koyil, tazarar kwantak kamar milimita 0.4 ce, in fuskarsa ta ƙone ta yi rami, a canja shi tare da kwandansa, don sau da yawa kwandansar ce ta jawo. Girgiza sandar tsakiya ma, in tana lilo, tazarar ba za ta taɓa zama ba. Golf ba ta da kwantak, sensa ce a wurin, mai soket na waya uku da yake yawan sakwarkwacewa.

Da safe lafiya lau, in ta yi zafi ta mutu, ta huce ta tashi. Mene ne?

Wannan shi ne mai ban haushi, don kafin makanike ya iso ta warke. Zafi yana buɗe tsagar da sanyi ke rufewa, a cikin koyil, ko ɗan akwatin da ke sarrafa shi, ko sensar distiribita. Dole a gwada a daidai lokacin da ta mutu: a sa fulogi a waya, a jingina shi da jikin injin, a yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta na nan, a koma wajen famfon mai da rilensa. Ja mai rauni ko babu, wuta ce. Direbobi kan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan koyil, in ta tashi nan da nan sun san inda ciwon yake. Tsumman zai kai ka gida, amma koyil ɗin ya gama.

A mota mai nozil akwai kuma sensar zafin ruwa. In an auna ta da mita, irin ta Bosch tana nuna kamar om 2,500 a zafin digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. In ta lalace tana ce wa biren bos injin da sanyi, shi kuma ya yi ta zuba mai: baƙin hayaƙi, silo mai rawa, fulogi ya yi baƙi cikin mako. Al'adar nan ta cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan injin, a haɗa fanka kai tsaye tana kawo kusan irin wannan, don injin ba ya kai zafin da aka gina shi a kai.

Ba gara a sa kwamfuta kawai ba?

In motar tana da wurin sawa, a sa. Tsarin OBD2, wato soket ɗin da ake jona kwamfutar bincike, ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma ga motocin fetur daga 2001, tsofaffin da suka riga haka wasu suna da nasu soket, 504 mai kafireto ba ta da komai. Amma in kwamfutar ta nuna lambar P0302, cewa kawai take yi silinda ta biyu tana misin, ba ta ce fulogi ne ko waya ko nozil ba. Shi kuwa biren bos, wanda aka fi saurin ɗora wa laifi saboda tsadarsa, bai cika lalacewa ba sai in ruwa ya shige shi ko an juya kan batir. Kafin a saya, a girgiza wayoyin da ke shiga cikinsa injin yana aiki, musamman inda aka taɓa murɗe waya da hannu aka naɗe da salatif.

In an bi duk wannan ba a samu komai ba fa?

To an fita daga hannun mai wayarin. A nemi inda iska ke sata a bayan kafireto ko a tiyon da ya tsage, a duba tayimin, sannan a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta gaza sauran da nisa, bawul ne ya ƙone ko gaskit ya tafi, kuma sai an buɗe kan injin.