Kemseks a tsakanin maza masu neman maza da ke ɗauke da HIV

Kemseks kalma ce da ta fito daga birnin Landan, ana nufin shan wasu ƙwayoyi da gangan, kafin jima'i ko ana cikinsa, domin a tsawaita shi ko a kore kunya da fargaba. An fi danganta yaɗuwar kalmar da David Stuart, wanda ya yi aiki a asibitin 56 Dean Street da ke unguwar Soho, ya rasu a 2022. Ƙwayoyi uku ne ginshiƙin al'adar: metamfetamin mai kama da ƙanƙara, da mefedron da Birtaniya ta haramta a 2010, sai ruwan maye na GHB da ɗan'uwansa GBL. Galibi ana haɗuwa ta manhajojin waya, a yi zaman a gidan wani, kuma yakan kai kwana biyu ko uku ba barci.

A binciken Positive Voices da aka yi a Ingila da Wales a 2014, kusan uku cikin goma na irin waɗannan maza masu HIV da ke yin jima'i sun ce sun yi kemseks a cikin shekarar, ɗaya cikin goma kuma ya yi ta allura. Dalilan da suke bayarwa ba na neman daɗi kaɗai ba ne. Akwai kaɗaici, da tsoron a guje su idan suka faɗi matsayinsu, da ƙyamar kai da tsangwama ke shukawa tun ƙuruciya. Ƙwayar tana rufe waɗannan na ɗan lokaci, sannan ta bar mutum da kwanaki na kasala da baƙin ciki.

Karo da maganin HIV

Nan ne haɗarin da ya keɓanta da masu HIV, kuma da yawa ba a taɓa yi musu bayaninsa ba. Wasu magungunan ana haɗa su da ritonabir ko kobisistat, waɗanda aikinsu rage saurin da hanta ke narkar da magani domin ya daɗe a jini. Hantar ba ta bambanta maganin asibiti da ƙwayar maye. Saboda haka metamfetamin, ketamin, wasu magungunan barci da sildenafil na ƙarfin maza suna iya taruwa a jini fiye da yadda mai shan ya zata. Shi ya sa aka iyakance wa mai shan ritonabir sildenafil miligiram 25 cikin sa'o'i 48. Haɗa sildenafil da ruwan shaƙa na nitirait kuma yana faɗar da hawan jini farat ɗaya. Dolutegrabir, wanda shi ne ginshiƙin maganin farko a Najeriya da mafi yawan ƙasashen Afirka, ba ya buƙatar wannan ƙari, amma maganin layi na biyu, wanda ake komawa idan na farko ya gaza, yakan ƙunshi ritonabir. Jami'ar Libaful tana da shafi na kyauta da likitoci ke duba irin wannan karo.

Matsala ta biyu tsallake magani ce. Wanda ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da kwafi 200 a mililitar jini ba ya yaɗa ta ta jima'i; binciken PARTNER2 na 2019 ya bi diddigin saduwa sama da 76,000 ba kwaroron roba tsakanin maza masu HIV da ke shan magani da abokan zamansu marasa ita, ba a sami kamuwa ko ɗaya daga abokin zama ba. Wannan kariya ta rataya ne a kan shan magani kullum. Zaman kwana uku kowane mako yana iya sa cutar ta farfaɗo, har ta daina jin magani. Musayar allura da raunin da doguwar saduwa ke jawowa kuma suna buɗe ƙofa ga ciwon hanta nau'in C da tunjere.

GBL

GBL ne ya fi kisa nan take. Tazarar da ke tsakanin maye da suma ba ta wuce mililita ɗaya ba, giya ko maganin barci kuma suna ƙara matse ta. Ma'aikatan lafiya kan shawarci mai sha ya auna da sirinji, ya rubuta lokaci, kada ya ƙara kafin sa'o'i uku. Idan mutum ya suma, a kwantar da shi a gefe guda don kada amai ya shaƙe shi, a kira motar asibiti. Munsharinsa ba barci ba ne, naloksan kuma, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwayoyi irin su tiramadol suka sumar, ba ya farfaɗo da shi. Wanda ya suma ba shi da ikon yarda da saduwa. Mai sha dare da rana kuwa kada ya yanke lokaci guda, domin farfaɗiya da gushewar hankali na iya biyo baya. A asibiti ake rage masa a hankali.

Kulawa

Babu wani magani da aka amince da shi a matsayin madadin metamfetamin, don haka jinyar ta fi dogara ga tattaunawa da ƙwararru da taron 'yan'uwa masu fama da abu ɗaya. Rashin barci mai tsawo yakan jawo zargi da jin muryoyi, wanda sau da yawa kan lafa bayan hutu, wani lokaci kuma sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa. Asibitocin Landan sun gano cewa mazan sun fi sakin jiki a ɗakin gwajin cututtukan jima'i fiye da cibiyar masu shaye-shaye, sai aka kai masu ba da shawara can. Ana tambayar mutum yaushe rabonsa da saduwa ba ƙwaya, a sauya masa magani zuwa marar ritonabir idan ya yiwu, a kuma riƙa gwada masa ciwon hanta da tunjere duk bayan wata uku.