Gada kan gada amma goslo na nan: tambayoyi da amsoshi kan tsarin sufuri a manyan biranenmu

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a Kurna da yamma cikin ɗan sahu, ko ya biyo hanyar Mararaba da Nyanya zai shiga Abuja da sassafe, ya san cewa maganar sufuri ba ta injiniyoyi ba ce su kaɗai, magana ce ta awa biyu da ake cire maka daga rayuwarka kullum ba tare da an nemi izininka ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji a majalisa idan hirar ta tashi, na amsa su gwargwadon abin da na sani.

Wai shi tsarin sufurin nan mene ne, ba gina titi ba ne kawai?

Titi ɓangare ɗaya ne. Asalin aikin shi ne ka zauna ka gano ina mutane suke kwana, ina suke zuwa nema, ƙarfe nawa suke fita, da me suke tafiya kuma nawa za su iya biya, sannan ka tsara yadda za su isa. A Kano misali amsar ba ɓoyayya ba ce, jama'a na kwana a Rijiyar Lemo, Hotoro, Na'ibawa, Rijiyar Zaki, Dakata, da safe kuma kusan kowa fuskarsa guri ɗaya take kallo, Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Wambai. Manyan hanyoyin da suka shigo gari, ta Katsina da ta Zariya da ta Maiduguri da ta Haɗeja da ta Gwarzo, duk ruwansu a kwari ɗaya yake zuba.

Kuma fa ba wai ba a taɓa zana taswira ba. Kano tana da tsarin shekara ashirin da wani Bature mai suna Trevallion ya yi na 1963 zuwa 1983, Abuja ma an zana ta tun 1979. Garin ne ya fi takardar sauri. Unguwa za ta tashi ta awon igiya, a yanka filotai a bar lungu da ƙyar kurkura ke shiga, sai mutane sun cika ta maƙil sannan a tuna ba a bar wajen titi ba balle tasha.

To me ya sa duk gadojin da aka yi goslo bai ƙare ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa. An yi gadar Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Kabuga zamanin Kwankwaso, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, daga baya kuma aka kama Tal'udu da Ɗan Agundi, ba kuma za a ce ba su yi amfani ba, wanda ya san shataletalen Dangi a da zai ba da shaida. Amma gada mahaɗa ɗaya take warwarewa, motocin da suka wuce ta sama a guje a danja ta gaba za su sake haɗuwa, kaga an ɗauke cunkoson ne daga nan an ajiye shi can gaba kaɗan.

Sai kuma wani abu da masu nazarin sufuri suka daɗe da lura da shi: idan ka faɗaɗa titi, tafiya ta yi sauƙi na ɗan lokaci, to wanda da yake barin motarsa a gida zai fito da ita, wanda yake shakkar sayen fili a bayan gari zai saya, cikin ’yan shekaru titin ya sake cika. A Houston ta Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya har ta haura hannu 20 a wasu wurare, aka gama a 2008, ba a jima ba goslo ya dawo. Idan masu dala ba su iya gina titin da ya fi ƙarfin mota ba, mu da muke cin bashi mu yi kwalta fa?

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne su wa ake yi wa gadar. A garuruwanmu masu motar kansu tsiraru ne, yawancin mutane a ƙafa suke ko a motar haya, amma mafi tsokar kuɗin yana tafiya ne wajen sauƙaƙa wa tsirarun.

Idan ba gada ba, to me?

A daina ƙirga motoci a koma ƙirga mutane. Babbar bas ɗaya tana ɗaukar mutum 60 ko fiye, adaidaita kuwa uku ko huɗu, wato sai ka jera adaidaita wajen 15 zuwa 20 kafin su kwashe abin da bas ɗaya za ta kwasa, ka duba filin da za su cinye a titi. Matsalar ita ce idan ka saka bas ɗin cikin goslo ɗaya da kowa ba wanda zai hau ta, tunda ɗan sahu ya fi ta iya kurɗawa.

Shi ya sa aka zo da dabarar ware mata hannunta ita kaɗai, abin da ake kira BRT. A Kuritiba ta Brazil aka fara a 1974, magajin garin Jaime Lerner wanda masanin zanen gini ne shi ya assasa ta. Bas tana da layinta a tsakiyar titi ba mai shiga, fasinja ya biya kuɗi tun a tasha kafin ta iso, dandamalin tashar daidai yake da ƙofar bas ɗin saboda haka shiga da fita na ’yan daƙiƙu ne, ba ciniki da kwandasta ba jiran canji. Bogota ta Kolombiya ta ɗauka a Disambar 2000 zamanin Enrique Peñalosa, Jakarta ta bi a 2004. A nan gida Legas ta buɗe nata a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a kan kusan dala miliyan 1.7 kowace kilomita, wanda a harkar nan araha ne sosai. Dar es Salaam ta fara a 2016, Dakar kuma a 2024 da bas masu amfani da lantarki.

Ai mun ji an gwada a wasu wuraren abin ya mutu.

Gaskiya ne, kuma yadda ya mutu ɗin ya fi koyar da darasi. A Akara ta Ghana an kawo bas ɗin Aayalolo a 2016 da sunan BRT amma ba a ware musu hannu na gaske ba sai ɗan guntu nan da can, suka shiga goslo tare da trotro, wato ƙananan motocin hayarsu, fasinja ya ga ba riba. A Delhi an yi layi ɗan gajere da bai kai kilomita 6 ba a 2008, masu motoci suka yi ta kuka an ƙwace musu titi, su ne kuma masu baki a jarida da kotu, a 2016 aka rushe shi. Dar es Salaam nata ya yi farin jini har ya fi ƙarfin motocin da ake da su, mutane na cika tasha suna jira, ga garejin da aka gina a Jangwani inda ambaliya ke ci duk damina.

Sayen bas shi ne mafi sauƙi a duk aikin, shi ya sa kowane gwamna yake yinsa, a yi musu fenti a jera a filin wasa a yanka kirtani. Hana mai jiniya da ɗan gidan wane shiga layin bas ɗin, da ajiye kuɗin taya da kayan gyara na shekara biyar, nan ake faɗuwa.

Jirgin ƙasa na cikin gari bai fi ba?

Ya fi ɗaukar mutane, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Alƙahira tana da nata na ƙarƙashin ƙasa tun 1987 kuma garin ba zai motsa ba in babu shi. Amma ka duba Adis Ababa, an buɗe nasu a Satumbar 2015 kan dala miliyan 475, yawanci bashin Chaina, bayan ’yan shekaru taragwai da yawa suka koma ajiye saboda rashin kayan gyara. Na Abuja an ƙaddamar a Yulin 2018, korona ta tsayar da shi a 2020, sai Mayun 2024 aka sake tayar da shi har aka ce a hau kyauta, to amma ina ya bi? Daga tsakiyar gari zuwa Idu, reshe ɗaya ya tafi filin jirgin sama ɗaya ya nufi Kubwa, tashoshi da dama nesa da gidajen mutane, ita kuwa hanyar Nyanya da Mararaba inda ma'aikata ke shan azaba kullum ba layi. Legas ta fara shirin nata tun zamanin Jakande, mulkin soja ya soke a 1985, layin da ake kira Blue Line sai Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal bayan sama da shekara goma ana gini. A Kano ma an sha sanar da jirgin cikin gari, ko taku ɗaya ba a shimfiɗa ba tukuna.

Ra'ayina dai, garin da bai iya riƙe bas 100 suna aiki shekara biyar a jere ba, ya dakata da maganar jirgi.

Me zai hana a kori adaidaita da acaɓa kawai a huta?

An gwada ai. El-Rufa'i ya hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a 2013 aka kori ƙananan bas ɗin da ake kira araba, manyan da aka ce za su maye gurbi ba su wadatar ba, shi ya sa yau ma'aikaci ke tsayawa bakin titi yana ɗaga wa motar gida hannu, ta nan kuma ’yan wan-cans, masu fashi da sunan motar haya, suka samu ƙofa. A Kano an hana goyo a babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, nan take adaidaita ta cike gurbin, abar da gwamnatin Shekarau ta kawo tun farko don ɗaukar mata ta zama ita ce ƙashin bayan sufurin gari gaba ɗaya. Da ’yan sahu suka tafi yajin aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 a kullum kowa ya gani, ɗalibai da ’yan kasuwa a ƙafa, wasu a bayan akori-kura. A ƙarshen 2022 ma an sanar da hana su bin wasu manyan tituna, ba a je ko'ina ba aka janye.

Su waɗannan ba su ne cutar ba, alama ce ta cewa gwamnati ta bar gurbi. Wajen da ya dace da su shi ne cikin unguwa, su kwaso mutum daga lungu su kawo shi bakin babban titi ya hau bas, tunda ba bas ɗin da za ta shiga lungun awon igiya. Kigali ta Ruwanda ba ta kori masu babur ba, ta sa musu lamba da riga da hular kwano biyu, ta direba da ta fasinja.

Masu motocin haya da ’yan yuniyon za su yarda kuwa?

Idan aka zo a ƙwace musu abinci ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Sai an fahimci yadda direba yake rayuwa: ya karɓi mashin ko hayis da safe, akwai balas da zai kai wa mai shi da dare, ga mai ga ’yan kamasho ga tikiti kala-kala, abin da ya rage shi ne na cefane. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya yi gudu, ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗauki fasinja, ya bi wan-we, ba don ba shi da tarbiyya ba. A Bogota har suna suka ba wa abin, yaƙin sisin kwabo, maganin da suka yi kuwa shi ne a daina biyan kamfani da yawan fasinja a koma biyansa da yawan kilomitar da motarsa ta yi a kan lokaci, direba kuma ya koma ɗan albashi. A Legas da aka fara BRT ƙungiyar direbobi ta NURTW aka sa ta kafa haɗakar da ta riƙe motocin, kuma akwai hukuma guda, LAMATA, da aka kafa tun 2002 wadda gwamnoni suka zo suka tafi tana nan da ma'aikatanta da taswirarta.

Mai tafiya a ƙasa fa, yana cikin lissafi?

A takarda yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara duk da ita ce mai ƙarancin motoci. Sai a yi titi mai hannu shida ya ratsa unguwa a saka shinge a tsakiya, a ce tsohuwa ta yi tafiyar rabin kilomita ta hau gadar ƙafa mai matakala arba'in, in ta tsallaka ta ƙasa a ce ba ta bin doka. Ɗan wajen da aka bari a gefen titi kuma mai kanti ya baza kaya, mai mota ya yi fakin, kwalbati a buɗe.

Wa zai biya duk wannan?

Kuɗin tikiti shi kaɗai da wuya ya riƙe babban tsarin sufuri, har a ƙasashe masu arziki gwamnati na cikawa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, ma'aikata da yawa suka rage zuwa ofis, wasu suka ajiye motocinsu, wato a yanzu ne ma aka fi samun fasinjan da zai hau bas in akwai ta. Tallafin da zai tafi kai tsaye ga bas ɗin da talaka ke hawa ya fi wanda ake zubawa a tankin kowa har da mai jif uku. Akwai kuma kuɗin da ake bari a ƙasa, kamar fakin kyauta a gefen titi a kewayen Kwari da Singa inda ya fi ko'ina tsadar fili a gari, da harajin filayen da darajarsu ke tashi da zarar an kawo tasha kusa da su. Da za a ɗauki hanya ɗaya tal, a ce daga Dawanau zuwa Bata, a ware hannu a zuba bas duk minti biyar daga asuba zuwa goma na dare, shekara guda ta isa a ga ko mutanen Kurna za su sauka daga ɗan sahu.