Gwajin PSA ya fita sama ba yana nufin cutar kansa ba

Jama'a, wannan abu yana damuna wallahi. Dattijo ya je gwajin jini na PSA, sakamako ya wuce 4, lambar da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, shikenan gida ya rikice ana kuka wai kansar prostate ce ta kama shi. Ba haka abin yake ba. Shi PSA sinadari ne da ƙullin nan na prostate da ke ƙasan mafitsara yake fitarwa, kuma yana iya hawa saboda girman ƙullin da tsufa ke kawowa, ko ciwon sanyi, ko an saka robar fitsari kwanan nan. Sannan wani ma lambarsa ƙasa take amma cutar na nan.

Shi ya sa likita kan ce a maimaita, ya duba ƙullin da yatsa ta dubura, wani lokaci a yi hoto, sai an ɗebi tsoka an auna kafin a tabbatar.